Shirun Malama Hussaina

Salamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa idan aure na yi na gudu da labarin, ba ta yafe ba. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ban yi aure ba. Sati biyun nan da kuka ji ni shiru, ko wayar ba na son gani. Yau dai na ce bari in rubuta, ko abin da ya tokare min ƙirji zai ɗan sauka.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Muzdalifa, 'yar Tsafe ce ni, ina aji huɗu a jami'a a Gusau. Wanda nake so sunansa Abdulrasheed, ɗan Bungudu, yana aiki a ma'aikatar gona. Dogo ne, baƙi, kullum cikin shadda ruwan toka kamar ita kaɗai ake sayarwa a kasuwa, kuma idan ya yi dariya sai ya dafe hularsa. Shekara ɗaya da rabi muna tare. Baba ya ce su turo magabata bayan ƙaramar salla. Abu ɗaya ya rage, wato bincike. Kun san dai yadda ake yi: danginsa su nemi wani amintacce ya tambayo musu halin yarinya da asalin gidansu, tun daga kakanta har akuyar da ke ɗaure a tsakar gida.

Ni kuwa ina da abin da ban taɓa gaya masa ba. Ku ma ban taɓa gaya muku ba, sai yau.

A aji biyu abin ya fara. Kar ku tambaye ni me aka yi min, don ba abin da aka yi min. Ba wanda ya mutu, ba saurayin da ya yaudare ni. Haka kawai na wayi gari komai ya fita raina. Wanka ya zama aiki. Sai in kwanta a gadon sama na hostal in zuba wa silin ido tun hantsi har la'asar, ina jin 'yan ɗakinmu suna shiga suna fita. Hoce, wainar dawar nan da Inna take aiko min, ya yi funfuna a cikin loka. Idan na yi salla, hawaye ne kawai, ban san me nake roƙo ba. A zango ɗaya na faɗi kwas uku, ni da ko a firamare ban taɓa wuce ta biyar ba.

Ƙawata Maijidda ce ta gaji da ni. Wata Talata ta sauko da ni daga gadon da ƙarfin tsiya, ta zura min hijabi, ta ja ni har ofishin ba da shawara na makaranta. Ɗalibai suna kiransa ɗakin kuka. Yana bayan laburare, ƙofarsa tana kallon hanyar da kowa ke bi zuwa wurin cin abinci, don haka duk wanda ya shiga an gan shi. Tun daga ranar na sayi niƙabi. Ni da ba na sa niƙabi, sai ga ni ustaziyar ranar Talata.

A nan na haɗu da Malama Hussaina. 'Yar gajeruwa ce mai gilashi, kullum da filas na shayi mai kanumfari a gefen tebur. Ranar farko kuka kawai na yi na minti arba'in, ita kuma ba ta ce min in yi haƙuri ba, ba ta ce min rashin godiyar Allah ne ba. Da na gama ta zuba min shayi ta ce, “Abin nan da kike ji yana da suna, kuma yana da magani. Ba ke kika jawo shi ba.” Ita ta haɗa ni da likita, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta min wata 'yar farar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya. Shekara biyu ke nan. Na gyara kwasa-kwasaina, na yi ƙiba har sai da na buɗe ɗinkunana, na dawo ina tsokanar mutane. Muzdalifar da Abdulrasheed ya gani a bikin Maijidda ya ce yana so, wannan ƙwayar da wannan matar ne suka tashe ta.

A gida Inna kaɗai ta sani. Ranar da na gaya mata, ta kama hannuna ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta saki labule. Dalili kuwa Gwaggo Luba, ƙanwar Baba da ke Bilbis. Shekara ashirin da biyar da suka wuce ta yi ciwo bayan haihuwa, har aka riƙa kulle ta a ɗaki. Ta warke tun kafin in yi wayo, tana nan tana sana'ar ƙuli-ƙulinta, ta fi mutane da yawa hankali. Amma har gobe idan za a yi kwatance sai a ce gidan su Luba, a ɗan rage murya. Da hannunta Inna ta juye min ƙwayoyin a cikin kwalbar maganin olsa, ta ce ko Baba kada ya ji.

Malama Hussaina ta san akwai wanda nake so. “Mutumin” nake ce masa, ita kuma ba ta taɓa tambayar sunansa ba. Ta sha ce min gara ya ji daga bakina. Har gwaji muka yi, ta ajiye kujera ba kowa a gabana ta ce in yi mata magana kamar shi ne. Kullum sai in ce bayan jarabawa.

To ranar wata Asabar ina zaune da farantin shinkafa da wake a gabana, saƙonsa ya shigo.

“Albishirinki, Lifa.”

“Goro fari.”

“Hajiyarmu ta samu mai bincike. Gwaggona ce, ƙanwar Alhaji, a makarantarku take aiki. Kin ci kin gama, ba ta da matsala ko kaɗan.”

“Wace ce?”

“Hussaina Halliru. Kin san ta?”

Cokalin na ajiye. Na karanta sunan ya fi sau goma, ko zai canza. Jami'a guda, ma'aikata sun fi a ƙirga, a rasa wadda za ta zama gwaggonsa sai matar da ta san ranar da na ce mata na gaji da wayewar gari. Na rubuta masa, “Ina jin sunan,” na haɗa da fuskar dariya. Abincin nan ko loma ban ƙara ci ba, Maijidda ce ta cinye.

Ranar Talata na shiga ofishin Malama. Tana sanye da laffaya ruwan ƙasa, fayil ɗina yana gabanta a rufe, kuma ba ta taɓa filas ɗin ba.

“Zauna, Muzdalifa. Na san kin ji.”

“Na ji, Malama.”

“Wallahi ban san ɗan yayana ne ba, sai da matar yayan nawa ta kira ni ta faɗi sunanki da na mahaifinki. Abu biyu zan gaya miki. Na farko, abin da kika faɗa a ɗakin nan ba zai fita ta bakina ba, ko wa ya tambaya. Na biyu, ba zai yiwu in ci gaba da ganinki ba. Na zama dangin mijin da za ki aura, kuma ba za ki ƙara sakewa da ni ba. Na yi magana da abokin aikina Malam Kamilu, mutumin kirki ne, zai karɓe ki Talata mai zuwa.”

Wannan kaɗai ya isa ya sa ni kuka, amma akwai abin da ya fi damuna.

“Malama, me kika ce wa Hajiya?”

“Na ce su nemi wani ya yi binciken. Na ce ni ba zan ce komai ba a kan yarinyar nan.”

Na ɗage niƙabin na kalle ta sosai. “Haka kika ce? Da bakinki?”

“Haka na ce.”

“Innalillahi. Malama, ai kin kashe ni.”

Ku da kuke 'yan gida kun riga kun gane. A wurin bincike ba a zagin yarinya. Ba wanda zai ce 'yar wane ba ta da tarbiyya, don gobe za a haɗu a wurin suna. Wanda ya san mugun abu, cewa yake yi, ni dai ba zan ce komai ba, ku ƙara tambaya. Duk uwar da ta ji wannan ta san an gama mata bayani. Malama ta yi shekaru tana karatu a Zariya da wasu wurare, ta riƙe ƙa'idar aikinta da kyau, amma ta furta ta da kalmomin da a Bungudu suke nufin a gudu.

Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

“Me ya sa ba ki ce yarinyar kirki ce ba kawai?” na tambaye ta ina kuka. “Ko ni ba ta kirki ba ce?”

“Ke ta kirki ce, har kin fi yadda kike zato. Amma da na faɗa, tambaya ta gaba ita ce, a ina na san ki. Kowa a gidanmu ya san irin ɗaliban da ke zuwa wurina. Da na ce ban san ki ba kuma, na yi ƙarya a maganar aure, ranar da ta fito ke za ta fi ci.” Ta mayar da gilashin, sannan ta ce, “Na so in kare ki ne. Ki yafe min.”

Na yafe mata tun ban tashi daga kujerar ba. Amma na fito daga ɗakin nan na san ba ni da sauran wurin da zan je in yi magana ba tare da na auna ta ba.

Ba a kwana uku ba abin ya nuna. Mutumin da ke tashina da “Barka da asuba, Lifata, kin tashi lafiya?” ya koma “Slm.” In na amsa, sai bayan awa huɗu ya ce aiki ya yi yawa. Hoton da ya sa a wayarsa na hannuna da lalle, ya cire ya sa na masallaci. Daga nan Baba ya kira ya ce mutanen Bungudu sun aiko wai a ɗan ɗaga zuwan nasu, Alhajinsu ba ya jin daɗi. Baba har addu'ar samun sauƙi yake yi masa, bawan Allah.

Ranar Juma'a na hau motar Tsafe. Har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ban san mun wuce ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, ƙannena Ihsan da Murja sun tafi islamiyya. Ko mayafi ban cire ba ta nuna min tabarma.

“Zamna, ɗiyata. Uwa ta Rawayya ta zaka jiya.” Uwa 'yar'uwar Inna ce da ke aure can kusa da Bungudu, kuma ba abin da ke wuce kunnenta. “Ta ce mutanen na hwaɗin wai wani malamin makaranta kika bi, shi yas sa gwaggon yaron tak kama bakinta.”

“Inna, kin san ƙarya ce.”

“Na sani.”

“To bari in gaya musu gaskiya. In ce wurinta nake zuwa saboda ciwona, shi ke nan.”

Ta ajiye rariyar. Hannunta fari fat da gari ta kama nawa.

“Ki hwaɗi mi? Muzdalifa, ki rufa muna asiri. Bari su ce malami. Wanga zance kanki kaɗai za ya tsaya, shekara guda an manta, wani ya hito. Wancan kuwa in yah hita, Ihsan ta shiga, Murja ta shiga. Ni na ga abin da anka yi ma ɗiyan Luba. Babbar sai da ta kai talatin a gida, ba ta taɓa ko ciwon kai ba.”

Jama'a, ban taɓa jin magana mai zafin wannan ba. Uwar da ta haife ni, wadda ta yi min tarbiyyar da ko hannun namiji ban taɓa riƙewa ba, ta gwammace a kira ni 'yar iska da a ce ina shan magani. Abin da ya fi ciwo, na kasa jin haushinta. Kuka take yi, garin dawa yana manne mata a kumatu, kuma na san ba ƙarya ta faɗa ba a kan 'ya'yan Gwaggo Luba.

Ranar Lahadi bayan la'asar Abdulrasheed ya zo ba tare da ya sanar ba. Na sa atamfata kore mai ganye, wadda ya ce tana yi min kyau, na shafa hoda don ta rufe kumburin ido. Na kai masa zoɓo da cincin a zaure. Ya rame. Hularsa ma a karkace take, shi da ke tsayawa gaban madubin mota ya daidaita ta.

Muka gaisa kamar baƙi. Bai taɓa kofin ba.

“Lifa, na yi istihara, na yi tunani,” ya ce, yana kallon takalminsa. “Ko mi kinka yi a baya, na yafe. Kowa na kuskure. Ni zan tsaya gaban Hajiya. Abu guda nika so, ki gaya min da bakinki, wane ne, kuma ya ƙare ko bai ƙare ba.”

Kun ji fa. Ya yi kwanaki yana haɗiye wannan, ya zo har Tsafe don ya yafe min laifin da ban yi ba. A nan na ji sonsa ya kama ni fiye da kullum, kuma a nan na ji ba zan iya barinsa ya aure ni a matsayin wadda aka yi wa alfarma ba. Na tuna Inna, na tuna Ihsan da Murja. Na roƙi Allah ya yafe min, na buɗe baki.

Na gaya masa komai. Gadon sama, kwas ukun, ɗakin da ke bayan laburare, likita, 'yar farar ƙwayar da ke cikin kwalbar olsa. Na ce gwaggonsa ba ta ɓoye wani namiji ba, amanata ta riƙe. Ban yi kuka ba, yadda muka gwada da kujera haka na yi.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. A waje yara suna ta buga ƙwallo a jikin katangarmu.

“Wato taɓin hankali,” ya ce a hankali.

“Ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini. Tun da ka san ni ka taɓa ganin wani abu?”

“Ban gani ba.” Ya ɗago. “Yana bin jini?”

“Likita ya ce ba dole ba ne.”

“Luba da aka hwaɗi a Bilbis, mi take gare ki?”

“Gwaggona ce.”

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idonsa ya yi ja.

“Wallahi Lifa, da malamin ne da ya fi min sauƙi. Shi na san yadda zan yafe shi. Wanga kuwa ban san mi zan yi da shi ba.”

Na zauna ina kallon wani ƙuda da ya faɗa cikin zoɓon. Ban san ana jin magana a cikin ƙashi ba sai ranar.

Ya matso da kujerarsa kaɗan. “Ina sonki, Allah ya sani. Ga abin da za mu yi. Ki aje maganin, ki bar zuwa ofishin nan. Hajiya za ta tambaye ni, ni kuma ban yi mata ƙarya. In na ce mata kin taɓa ciwo amma kin warke, ba ki shan komai, zan iya shawo kanta. In ta ji har yau kina sha, an gama.”

“Likita ya ce kada in tsayar da shi da kaina.”

“Shekara biyu kina lafiya. Ki gwada mana, don ni. Juma'a Alhaji zai zauna da ƙannensa kan maganar. Ki ba ni amsa kafin nan.”

Da ya tafi na tarar da Inna tsaye a bayan ƙofar zaure, ta ji komai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta share ido da bakin zane ta ce, “Tunda kin riga kin hwaɗi, ki aje ɗin mu gani. Ga addu'a, ga rubutu. Yaron na sonki.”

Litinin da safe na yi salla, na zazzago ƙwayar a tafin hannuna kamar kullum. Na kalle ta, na mayar cikin kwalbar, na kama motar Gusau. Talata ma haka, kuma ban je wurin Malam Kamilu ba. Yau Laraba. Tun safe kaina ke juyawa, na fita lacca tun ba a gama ba, na dawo hostal. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne, ba sai kun rubuto kun gaya min ba. Amma ku gaya min yadda ake zaɓa tsakanin mutumin da kike so da lafiyar da ta sa ya so ki.

Ina cikin rubuta muku wannan saƙo ya shigo. Malama Hussaina.

“Malam Kamilu ya ce ba ki je ba jiya. Kina shan maganinki?”

Shekara biyu ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, ko a ranakun da gaskiyar ta fi muni. Na rubuta, “Ina sha, Malama. Lafiya lau nake.” Na tura.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta amsa.

“Abdulrasheed ya gaya min abin da ya nema a wurinki. Ina ƙofar hostal ɗinku. Fito ki faɗa min wannan a gabana.”

Na leƙa ta taga. Ga ta can tsaye cikin rana, ba ta ko nemi inuwa ba, wayar tana hannunta. Na san idan na fita ba zan iya maimaita ƙaryar ina kallon idonta ba, kuma idan na faɗi gaskiya ba za ta tafi ba sai na haɗiye ƙwayar nan, amsar Abdulrasheed ta ranar Juma'a kuma ta fita ke nan. Kwalbar tana hannuna na hagu. Wayar tana ta ruri a na dama, kiranta na uku ke nan, kuma har yanzu ban sa takalmi ba.